Ranar da Yara Suka Yi Kiwon Babaji

Fanne ƙawata, ina gaishe ki, ina gaida mai jego da jaririya. Ki ajiye muciya ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan. Tun da kika tafi Nangere zaman jego abu ɗaya ne ya faru a unguwarmu Hausari da ya isa a ba ki labari, kuma gara ki ji shi daga wurina kafin Gogo maƙwabciyata ta kawo miki nata da ƙarin gishiri. Kin san rubutuna. Ban taɓa zama a aji ba, a jikin takardar ƙosai da tsofaffin littattafan yara na koya, to inda layi ya karkace ki miƙe shi da kanki.

Maganar Babaji ce, autana. Tun da ya shiga sashen wasan kwaikwayo a kwaleji ya ce a daina ce masa Babaji, Darakta ne sunansa. Ni dai ban taɓa ganin abin da ya tsara ya tsaru ba in ba gashin kansa ba. Kin san bara ya maimaita aji. Ranar da babansa ya ji, bai yi faɗa ba, ya dai kira shi zaure ya ce, "In ka sake faɗuwa, ga tirelar kawunka nan. Ka hau saman shanu ka dinga raka su kudu." Kin ga yadda yaran nan suke tafiya, kwana biyu a kan katako, ƙahoni a ƙasansu, kwalta na gudu. Ni ko tuna hanyar na yi sai in tashi in yi nafila. Kuma kin san malam maigidana, in ya faɗi magana ba ya komawa ya ɗauke ta.

To sai ga aikin ƙarshe ya zo. Malamarsu, Malama Raudatu, ta raba su huɗu-huɗu. Kowane rukuni zai shirya wasa na yara ƙanana waɗanda ba su kai shekara shida ba. Sharaɗinta shi ne su fara zama da yaran mako biyu, su ga abin da ke ba su dariya da abin da ke ba su tsoro, su rubuta, sannan su shirya wasan. Maki ɗaya ne na mutum huɗu, ko a ci tare ko a faɗi tare. Babaji ya faɗo tare da Yunus, wani dogo siriri mai haƙurin jaki, da Safiyanu, gajere mai son a ba shi aikin da ba magana, da wata yarinya mai natsuwa, Murjanatu. Aka ba su 'yar makarantar reno da ke bayan unguwarmu, wadda ƙofarta ke kallon hanyar da ake bi da shanu zuwa kasuwa. Yaran wurin kusan duk 'ya'yan dillalai ne da fatake da Fulanin da suka zauna gari.

Ya shigo gida yana taku ɗai-ɗai ya ce, "Inna, an ba ni yara talatin."

Na ce, "Allah ya raya. Yaushe aka yi auren ban sani ba?"

"Inna ke nan. Wasa zan shirya musu. Wai sai na yi bincike. Binciken me? Ni ma fa yaro na taɓa zama. Shekara shida cur na yi ina wannan binciken."

Na ce, "Ina wurin ai. Rabinsu kuka ka yi, rabi barci."

Sau ɗaya ya je makarantar, shi ma Murjanatu ce ta ba ni labari. Ya sa baƙin tabarau, ya riƙe takardar tambayoyi, ya tsuguna gaban wani yaro ɗan shekara huɗu ya ce, "Mene ne ra'ayinka game da makomar wasan kwaikwayo a ƙasar nan?" Yaron ya daɗe yana kallon ƙafar Babaji, ya taɓa takalmin ya shinshina yatsa, ya ce, "Wannan ba fata ba ce, roba ce." Wata kuma ta ciji gefen takardar ta tauna. Kafin a tashi tara Babaji ya miƙe ya kakkaɓe wando ya ce bincike ya kammala, ya gano yara ba su da ra'ayi, sai wanda aka ba su. Ya tafi. Murjanatu kuwa kullum da safe tana can zaune a ƙasa cikinsu da ɗan littafinta mai shuɗin bango, har suka daina ganinta baƙuwa.

Kwana uku ya kulle kansa a ɗaki, ya fito da shafi arba'in da biyu. Ya tara 'yan rukuninsu a tsakar gidana ya hau turmi ya yi bayani. Wani bajimin sa ne mai ban tsoro zai shigo yana ruri, yara su firgita su manne da juna. Can sai likita mai farar riga ya zo da allura, ya gano ashe ciwo ne ke sa san faɗa, ya yi masa allura ya warke. Yara su ji sanyi, su ƙaunaci likita, su daina tsoron asibiti har abada. Daga nan san zai yi jawabin tuba shafi shida.

Murjanatu ta ce, "Darakta, da ka duba abin da na rubuta. Yaran nan fa..."

Ya ce, "Murja, littafi na ɗalibi ne. Darakta da ido yake aiki." Ya karɓi littafin, ya ga bencina na girgiɗi, ya cusa shi ƙarƙashin ƙafar bencin ya zauna a kai. "Kin ga? Ya yi amfani."

Yunus ya ce, "To wa zai zama san?"

"Ni ne kai, kai ne baya."

"Me ya sa ni ne baya?"

"Saboda baya ba ya jawabi."

Gogo ta leƙo ta katanga, kin san inda bulo ɗaya ya faɗi. Ta ce, "Babaji, shekara huɗu ana biya maka makaranta don ka zama sa? Da an faɗa wa babanka tun farko, ai da dusa kawai zai saya."

Ya ce, "Gogo, fasaha ba ta tsofaffi ba ce."

"Haka ne ɗan nan. Mu a zamaninmu dabba haifarta ake yi, ba a karanto ta."

Murjanatu ta ce a ɗinka san da tsohon bargo. Ya ce Allah ya kiyaye, a garin da ake ji da shi a harkar shanu duk ƙasar nan ya fito da san bargo? Washegari sai ga keke napep a ƙofar gida. Ya je kwata wurin Maigandi mahauci ya kwaso ɗanyar fatar sa, sabuwar fiɗa, da ƙahoni biyu da wutsiya. Maigandi ya biyo shi har gida yana cewa, "Yaro, kai ta wurin majema, ba a sa fata haka." Babaji ya ce jima ɓata lokaci ne, rana ta isa. Ya barbaɗa mata gishirin miyata ya shanya a kan kwanon ɗakina.

Fanne, rana ta farko ƙudaje suka zo. Rana ta biyu karnukan unguwa suka yi sahu a ƙofar gida kamar masu jiran sadaka. Rana ta uku na fito alwalar azahar na ɗaga kai, ungulu bakwai a jere a kan ɗakina, sun sunkuyar da kai suna duban tsakar gida. Ban gama shafar kai ba sai ga Gogo da mayafi, fuska a jiƙe, tana cewa, "Inna lillahi, waye? Malam ne?"

Na ce, "Kowa lafiya. San Babaji ne."

Ta toshe hanci ta ce, "To Allah ya ji ƙan hancinmu."

Mai unguwa ya aiko a tambaya. Mai shayin bakin layi ya matsar da teburinsa. Da babansa ya ce ko fata ta bar gidan ko mai ita, sai Babaji ya ce yana da dabara. Na dawo daga gidan suna na tarar da kwalbar humrar nan da kika haɗa mini, wadda nake tattali tun bikin 'yata Basira, a kife babu ko ɗigo. Ya juye ta duka a kan fatar. Ya ƙara da turaren wutata, ya turara ta kamar amarya. Wari bai tafi ba, ƙamshi bai tafi ba, suka haɗu suka zama wani abu na uku da ba shi da suna. Allah ya yafe mini abin da na faɗa a zuciyata ranar.

Da fatar ta bushe sai ta sandare kamar ƙyauren ɗaki. Suka ɗora ta a kai don gwaji, ta ƙi lanƙwasa, suna tafiya kamar masu ɗauke da rufin kwano. Kan san kuwa ƙwaryar furata ce babba ya huda ya ɗaura ƙahonin, ya yi baki da kwali. Wutsiyar ya rasa inda zai maƙala ta, ya huda fatar ya zura ta ya ƙulla a mazagin wandon Yunus. Allurar likita kuma famfon keke ne ya shafa wa farin fenti ya soka tsinken tsire a baki, ta kai tsawon hannun Safiyanu da zai fito a likita.

Ana cikin haka wata safiya ina shara na ɗaga benci, sai ga littafin Murjanatu, ƙafar benci ta yi masa rami a tsakiya. Kin san halina, takarda ba ta wuce ni. Ko ta ƙunshin magani ce sai na karanta. Na zauna na bi shi a hankali da yatsa, da yake da Hausa ta rubuta, yadda yaran suke magana. Ta ce yaran nan ba sa zama su yi kallo, duk abin da aka fara a gabansu sai sun shiga ciki. Ta ce wasansu na kullum kiwo ne, ɗaya ya durƙusa ya zama saniya, saura su kora shi. In babu sanda sai sun nemo, har wata Hawwa, jikar Bobbo dillali, ta taɓa zare ƙafar kujera. Ba sa tsoron shanu ko kaɗan, a cikinsu suka yi rarrafe. A shafin ƙarshe ta ja layi biyu ƙarƙashin wani abu. Ranar da mai gyaran wuta ya shigo da farar riga, duka talatin suka watse suna ihun allura, wasu sai a bayan randa aka samo su.

Na rufe littafin na ce la haula. Yaron nan ya ɗauko tulu ta gindi. Abin da ya ce za su ji tsoro shi ne abokinsu, abin da ya ce zai lallashe su shi ne dodonsu.

Na same shi yana taje gashi na ce, "Babaji, ka karanta littafin yarinyar nan?"

"Inna, kin fara shiga harkar ilimi ke nan?"

"Na ce ka karanta? Yaran ba sa tsoron sa. Likita suke tsoro."

Ya yi dariya har da dafa bango. "Inna, ba su taɓa ganin irin nawa san ba ne. In na yi ruri ɗaya, wallahi sai an canza wa rabinsu wando."

"To ko ka cire farar rigar."

"Likita ba farar riga? Kamar a ce liman ba rawani."

Na ce, "Na ga limamai da hula, sallarsu ta yi." Ya ce in bar wa masu abu abinsu. Sau uku ina yi masa magana, sau uku yana mai da ni. Na mayar wa Murjanatu littafinta, na sa tsingaro a ƙafar benci, na ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Malama ta ce su zaɓi rana. Murjanatu ta ce Talata. Ya ce Laraba, ranar kasuwar shanu, gari cike da baƙi, wataƙila wani babban mutum ya gan shi ya ɗauke shi fim. Ana gobe wasa ya jiƙa fatar a baho don ta yi laushi. Ta yi laushin, ta yi nauyin mutum biyu, warin nan kuma ya farka daga barci da ƙarfinsa.

Ranar Laraba da hantsi muka hallara. Iyaye mata a kan tabarmi, Gogo a gaba da goronta, Malama Raudatu a kujera da takarda da biro. Yara talatin an zaunar da su a ƙasa sahu uku. A gindin dalbejiyar tsakar makarantar akwai tarin karan dawa, an yanka su daidai tsawon hannun yaro, ba wanda ya kula da su.

Kafin san ya fito, warinsa ya riga shi. Malama ta ciro hankici. Sai ga shi daga bayan aji, ƙahoni na rawa, ƙafafun gaba cikin takalmin roba, na baya cikin silifa. Ya tsaya ya turje ƙasa ya saki ruri, "Mooooo!" har muryar ta shaƙe a ƙarshe.

Ba wanda ya motsa. Can wani ɗan ƙaramin yaro ya ce, "Mura yake yi."

Sai Hawwa ta miƙe, 'yar shekara biyar, kitso biyu a tsaye. Ta je gindin bishiya ta ɗauki kara, ta saɓa shi a wuya ta rataya hannuwa a kai kamar yadda kakanta yake yi. Kafin ka ce kwabo duka talatin sun miƙe, kowa da karansa, sun kewaye san. Ba gudu, ba ihu. Zagaya shi suke yi suna ƙare masa kallo kamar dillalai da safiyar kasuwa. Wannan ya matsa haƙarƙari. Wancan ya danna gadon bayan Yunus ya ce, "Ba nama." Hawwa ta kama bakin kwalin ta buɗe ta leƙa.

Muka ji murya daga ciki ƙasa-ƙasa, "Ke, je ki zauna!"

Ta saki bakin ta juyo ta ce wa sauran, "Tsoho ne. Haƙora sun ƙare."

Gogo ta ce da ƙarfi, "Ashe dai an san shi!"

Babaji ya ga abin na neman lalacewa, sai ya tsallake shafi talatin ya faɗa jawabin tuba. "Ya ku yara manyan gobe, ni bajimi na kasance mai girman kai..." Wani yaro ya ga sa ya tsaya wuri ɗaya ya ƙi tafiya, sai ya yi abin da ake yi wa dabba mai taurin kai, ya kama wutsiya ya murɗe. Mazagi ya shaƙe cikin Yunus. Bayan sa ya yi tsalle ya ce, "Wayyo Allah!" gaba kuma na ci gaba da tuba.

Babaji ya yi ihu daga cikin ƙwarya, "Likita! Shigo da likita!"

Sai ga Safiyanu cikin farar riga har ƙasa, yana murmushi kamar yadda aka koya masa, ya ɗaga famfon nan sama, tsinke na walƙiya.

Fanne, ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Baki talatin lokaci guda, "Alluraaa!" Ƙananan suka faɗa jikin iyayensu. Biyu suka shige ƙarƙashin kujerar Malama. Amma Hawwa ba ta gudu ba. Ta dubi allura, ta dubi sa, tausayi ya kama ta. Ta ɗaga kara ta ce, "Zai soke shi! Ku kora shi ya gudu!"

Suka rufar wa san da kara ta ko'ina, suna "Hai! Hai!" suna tsaki da fito irin na makiyaya. Ƙwarya ta juya, hudar ido ta koma ƙeya, Babaji ba ya ganin komai. Yunus a baya dama tun farko bai ga komai ba. Inda kara ya tura su nan suke bi. Safiyanu ya biyo su da famfo yana cewa, "Ku tsaya, ta wasa ce!" yara suka ga likita na bin su, suka ƙara wuta. Suka zagaya dalbejiya sau biyu, suka ture randa, suka bi ta kan tabarmar Gogo, sai ƙofa. Ƙofar kuwa a buɗe take, don Darakta ya ce a bar ta saboda manyan baƙi.

Daidai lokacin Bobbo na wucewa da garkensa zuwa kasuwa, farare ƙal, sun kai arba'in. San Babaji ya faɗa tsakiyarsu.

Na miƙe, salati a bakina. Allah ya taimaka Bobbo ya hango jikarsa, ya ɗaga sanda ya yi wata kalma ɗaya da Fulatanci, garken nan ya tsaya cak. Yaran ma suka tsaya a bakin hanya, don sun san ƙa'ida, ba a shiga garken wani. Shanun suka kewaye baƙon. Suka shinshina. Wata tsohuwar saniya ta yi atishawa ta ja da baya. Ɗaya bayan ɗaya suka dare, suka bar fili kamar an share, san Babaji shi kaɗai a tsakiya yana juyi. Wani bajimi na gaske ne kawai ya matso, ya sa hanci a bayan Yunus ya huro iska mai zafi.

Nan haƙurin Yunus ya ƙare. Ya fice ta ƙarƙashin fata, wutsiya ta tafi da mazagi, ya kama wando da hannu biyu ya runtuma layin Hausari. An ce sai a masallacin Juma'a ya tsaya. Aka bar rabin sa a tsaye, rabi na jan ƙasa.

Masu tireloli suka tsaya. Masu keke napep suka tsaya. Mahauta da fatake da masu fura suka yi da'ira. Bobbo ya zagaya shi a hankali, ya taɓa ƙaho da sanda, ya ce, "Shekara hamsin ina dillanci, ban taɓa ganin nagge mai ƙamshin amarya ba. Na waye?"

Maigandi mahauci ya kutso ya ce, "Na san shi! Ni na yanka shi da hannuna makon jiya!"

"To ya aka yi ya tashi?"

"Karatu aka yi masa a kwaleji."

Daga cikin ƙwarya muka ji, "Jama'a ku matsa, wasa ake yi! Duk cikin tsari ne!"

Bobbo ya ce, "Yana magana ma. Wannan ko kyauta aka ba ni ba na kai shi kasuwa, sai ya ɓata wa saura suna."

Na waiga na ga Malama Raudatu a bakin ƙofa, ta rufe takardarta ta mai da murfin biro. Na hango tirela, na hango katako, na hango hanyar kudu. Na ce ya Allah, wawa ne amma nawa ne.

Sai na ji tafi a hankali. Murjanatu ce, ta cire wa Safiyanu farar riga ta cusa a jaka, ta tsaya tsakiyar ƙofa tana rera 'yar waƙar da ta koya a bakin yaran, wadda suke yi in sun gama wasan kiwo, ta rana ta faɗi a kai shanu gida. Yaran suka juyo. Suka amsa. Waɗanda suka ɓuya suka fito. Hawwa ta kama ƙaho ɗaya ta ce, "Taho, likita ya tafi," suka koro Babaji a hankali har gindin dalbejiya, suka ɗaure shi da ɗankwalin wata. Murjanatu ta durƙusa ta ce, "San namu ba shi da lafiya, me za mu yi masa?" Wannan ya kawo ruwa a murfin randa. Wancan ya kawo harawa. Wata ta ce a kira baffanta, shi ke yi wa shanunsu allura. Murjanatu ta ce, "Ashe ana yi wa shanu allura? Suna kuka?" Suka ce a'a, sai dai a riƙe su a shafa musu wuya. Ta ce, "To wa zai riƙe, wa zai zama baffa?" Fanne, da idona na ga Hawwa ta karɓi famfon nan da suka guje wa, yara goma na shafa wuyan sa suna cewa yi haƙuri, ta danna masa a cinya. Babaji ya ce "Kai!" da gaske, don tsinken na nan. Yara suka yi ta tsalle, sa ya warke.

Malama ta sake buɗe takarda. Ta ce, "Wa ya yi binciken rukunin nan?"

Ƙwarya ta ɗago ta ce, "Malama, a matsayina na Darak..." Hawwa ta cusa masa harawa a baki ta ce, "Ci ka yi ƙiba."

Murjanatu ta miƙa littafi mai rami a tsakiya. Malama ta daɗe tana karantawa, kafaɗunta na rawa don dariya. Ta ce wasan da aka rubuta ya mutu tun a rurin farko, amma abin da aka yi a gindin bishiyar nan shi ne abin da ta aiko su nema. Ta ce sun ci, da ƙyar, albarkacin mai littafi da makiyaya talatin. Na koma bayan aji inda ba kowa na yi sujada.

Kafin la'asar labari ya gama kasuwa. Malam ya dawo ya gama cin tuwo, sannan ya ce, "Kawunsa ya aiko. Ya ce ko da ya faɗi ba zai ɗauke shi ba, wanda shanu suka dare wa a ƙasa ba a ɗora shi a samansu."

Shi kuwa gogan, kwana biyu yana wanka da toka da lemon tsami, rana ta uku ya fito da tabarau. Ya ce, "Inna, kin ga sabon salon da na ƙirƙiro? Wasan da 'yan kallo ke shiga ciki. Malama ma ta girgiza."

Na ce, "Na ga tana girgiza."

"Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Wani maƙiyi ne ya tara wa yaran nan kara. Duk ranar da na gano shi, sai ya san ya taɓa Darakta."

Na ce Allah ya tona asirinsa, na ci gaba da tsince shinkafata.

To Fanne, matso. Ranar Larabar nan da na idar da sallar asuba, gari ya fara haske, na ɗauki tsintsiya da wuƙa na tafi makarantar. Littafin ya riga ya gaya mini za su kora shi, da sanda ko da ƙafar kujera. Na tsince duk wani icce da ke filin, da guntun katako, da wani ƙarfen gado da na samu a bayan aji, na zuba a buhu na kai gidan mai gadi. Na yanko karan dawa talatin daga dangar bayan gidana wadda muka haɗa da Gogo, na zaɓi masu taushi, na fere kaifinsu, na tara a gindin bishiya. Tunda duka ya zama dole, na ce gara uwa ta zaɓi bulalar.

Ko Murjanatu ba ta sani ba. Gogo kuwa har yau tana neman wanda ya yi wa danga giɓi, ta ce awakinta ta nan suke fita. Don girman Allah wannan ya tsaya tsakanina da ke. In kin gama karantawa ki sa takardar a murhu, kada ko mai jego ta gani. In za ki dawo kuma, ki taho mini da humra.